Dishewar Murya

Dishewar murya matsala ce ta maƙogwaro, inda sauti ke fita a shaƙe ko ya ɗauke gaba ɗaya. Ta fi kama masu cin abinci da murya: malamin firamare a Bodinga, ladani, da mai talla a kasuwar Shagari. Ƙurar hunturu kan ƙara tsananta ta.

Idan ta wuce mako 4, ya kamata likitan kunne, hanci da maƙogwaro ya duba tantanin murya da madubi ko siririyar kyamara. Akwai sashen irin waɗannan likitoci a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, Sakkwato.

Ƙullin da yawan ɗaga murya kan haifar a tantanin murya bai cika bukatar tiyata ba. Mai horar da magana kan koyar da sarrafa numfashi, yawan shan ruwa da rage ihu.