Daga ƙarar injuna zuwa boren Barlin: dangantakar digital hardcore da kiɗan ƙara

A shekarar 1913 wani mai zane ɗan ƙasar Italiya, Luigi Russolo, ya fitar da wata maƙala inda ya ce kunnen ɗan Adam ya canza tun da injuna suka shigo birane, don haka ya kamata kiɗa ya karɓi rugugin masana'anta da ƙarar jirgin ƙasa. Ya ƙera akwatunan da ke gurnani da kururuwa ya hau dandamali da su, ƴan kallo kuwa suka yi masa ihu. Daga nan masana ke faro tarihin kiɗan ƙara, wato kiɗan da ba ya neman daɗin murya ko tsarin amshi. Pierre Schaeffer ya ci gaba da wannan hanya a gidan rediyon Faransa a 1948 da sautukan da ya ɗauka a faifai. A 1979 kuma Masami Akita na Japan ya fara aiki da sunan Merzbow, sunan da ya aro daga Merzbau, ginin tarkace na Bajamushen nan Kurt Schwitters.

Shi digital hardcore ɗan baya ne, kuma siyasa ce ta haife shi. Bayan rushewar katangar Barlin a 1989 da haɗewar Jamus a 1990, ƴan sabuwar aƙidar Nazi suka ɗaga kai. A 1991 suka far wa baƙi a Hoyerswerda, a watan Agusta na 1992 suka cinna wuta a gidan ma'aikata ƴan Vietnam a Rostock, jama'a na tsaye suna tafi. A wannan shekara ta 1992 ne Alec Empire da Hanin Elias, wadda mahaifinta ɗan Siriya ne, da Carl Crack, haifaffen Swaziland, suka kafa ƙungiyar Atari Teenage Riot a Barlin. Abin da ya dame su shi ne yadda gidajen rawar tekno suka kau da kai daga siyasa alhali ana ƙona mutane. Suka haɗa tsawar jitar ƴan punk da bugun ganga mai tsananin sauri da aka yanka da kwamfutar Atari, suka ɗora ihu a kai. Kamfanin Phonogram ya ba su kuɗin kafin alƙalami a 1993. Da kuɗin ne aka buɗe kamfaninsu na Digital Hardcore Recordings a 1994, wanda sunansa ya zama sunan salon baki ɗaya.

Inda salon biyu suka haɗu shi ne wajen ɓata sauti da gangan. Injiniyan ɗakin ɗaukar murya yakan kiyaye kada allurar na'ura ta shiga ja, domin daga nan sauti ke tsagewa. Su kuwa can suke tura ta, har gangar ta daina kama da ganga ta koma kamar ana yaga kwano. Amma manufa ta bambanta. Merzbow ya watsar da kalmomi da bugu, ya bar mai sauraro cikin guguwar da ba ta da gaba ba ta da baya. Ƴan Barlin suna da saƙon da suke so a ji, shi ya sa suka riƙe bugu da take, ƙarar ta zama makamin hana ƴan wariya rawa da kiɗansu. Akwai abin mamaki a nan, domin jagoran ƙungiyar su Russolo, Marinetti, ya bi Mussolini daga baya.

Tazarar ta ragu sosai da shigowar Nic Endo a 1997. Ita ta kawo ƙara tsantsa, kamar yadda faifanta White Heat na 1998 ya nuna. A shekarar kuma Empire da Merzbow suka yi wasa tare a gidan CBGB na New York, aka fitar da ɗaukar a 2003. Ranar 1 ga Mayu 1999 ƴan sanda suka kama ƴan ƙungiyar a Barlin lokacin da suke kiɗa a kan babbar mota cikin zanga-zangar adawa da hare-haren NATO a rikicin Kosovo.

Ƙarshen shekarar ya same su a gajiye, Elias ba ta da murya, Crack ba shi da lafiya. Da suka hau dandamalin Brixton Academy na Landan domin buɗe wa Nine Inch Nails fili, sai suka ajiye waƙoƙinsu, suka saki ƙara zalla na kusan rabin awa a kan dubban mutanen da suka zo jin wani abu dabam. An fitar da ɗaukar a faifai a 2000, kuma babu wani aikinsu da ya kai ta kusanci da Merzbow. Carl Crack ya rasu a watan Satumba na 2001 yana da shekara 30, ƙungiyar ta watse har 2010. A 2002 hukumar kare matasa ta Jamus ta sa faifansu The Future of War na 1997 cikin jerin waɗanda aka hana sayar wa yara.