Shirun Minti Ɗaya

Ranar Litinin 22 ga Janairun 1973 wani jirgi ƙirar Boeing 707 na kamfanin Alia na ƙasar Jodan, wanda Nigeria Airways ta yi haya, ya taso daga Jidda ɗauke da alhazai. Legas ya nufa, rashin kyawun yanayi ya sa aka karkato da shi Kano. Lokacin hunturu ne, ga hazo ga iska. Wajen sauka ƙafar jirgin ta karye, ya saki hanya, wuta ta kama. Mutum 202 ne a ciki, 176 suka rasu. Kafin wannan rana duniya ba ta taɓa ganin hatsarin jirgin sama da ya ci rayuka haka ba.

Babu majalisar da ta miƙe tsaye dominsu, don babu majalisar ma. Tun juyin mulkin Janairun 1966 soja suka rufe ta. Janar Gowon na Legas, Audu Bako na gidan gwamnatin Kano. Sai labarin ya zauna a zaure da tsakar gida. Ni a bakin kakata na fara jin sa a Ƙaraye, ba ta kawo shekara ko ƙirar jirgi, cewa kawai take yi "shekarar da jirgin alhazai ya ƙone", da ita take lissafin haihuwar 'ya'yanta. A wancan zamani idan mutum ɗaya ya tafi Makka daga ƙauyukanmu na Ƙaraye da Rogo, gari guda ke raka shi bakin mota, don haka ko wanda bai rasa kowa ba ya ji abin a jikinsa.

Shekara 29 bayan nan, ranar Asabar 4 ga Mayun 2002, jirgin EAS da ya tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Legas ya rikito cikin unguwar Gwammaja da rana tsaka. Cikin mutum 77 da ya ɗauko, huɗu ne suka tsira. A ƙasa kuma ya rushe gidaje fiye da ashirin, ya kashe mutane suna zaune a ɗakunansu, waɗanda wasunsu ko ƙofar filin jirgi ba su taɓa takawa ba. Alƙaluman hukuma sun tsaya a kan 103, rahotannin farko sun kusa 150. Shugaba Obasanjo ya katse tafiyar da yake yi, ya ayyana makokin kwana biyu. Sunan da ya fi fitowa a jaridu shi ne na Ministan Wasanni, Ishaya Mark Aku, wanda ke cikin jirgin.

To su wa suka fara isa wurin? Wanda ya san Gwammaja ya san lungunanta ba na babbar mota ba ne. Samarin unguwa da maƙwabta ne suka shiga hayaƙi da bokiti da shebur, wasu da hannu kawai, suna tone ƙasa da katako, kafin 'yan kwana-kwana da 'yan Red Cross da jami'an tsaro su haɗu da su. Daga nan nauyin ya koma kan ma'aikatan Asibitin Murtala da sauran asibitocin birni. Gawarwakin da aka kasa ganewa tare aka yi musu sutura.

A wannan karon akwai majalisa, a Abuja da Kano. Kuma mun san al'adarta idan an yi rashi: wani ya kawo ƙudurin gaggawa, a tashi a yi shirun minti ɗaya, a tura tawagar ta'aziyya. Ban raina wannan ba. Abin da aka faɗa a zauren majalisa ana rubuta shi a kundi, jikan da ba a haifa ba zai iya zuwa ya karanta. Damuwata ita ce sunan wa ke shiga kundin. Ranar 29 ga Oktoban 2006 da jirgin ADC ya faɗi jim kaɗan da tashinsa daga Abuja zuwa Sakkwato, mutum 96 suka rasu, ciki har da Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo, kuma Majalisar Dattawa ta rasa 'ya'yanta biyu, Badamasi Macciɗo da Sule Yari Gandi. Waɗannan sunayensu ba za su ɓata ba, Allah Ya ji ƙansu. Amma mai shayin da ya bar teburinsa ya ciro yaro daga ɓaraguzai a Gwammaja, shi da ire-irensa a dunƙule ake kiransu: "jama'ar gari".

Ƙaraye da Rogo kujera ɗaya muke da ita a Majalisar Wakilai, ga kuma wakilanmu a majalisar jiha. Ba sai ɗan Dala ne zai kawo ƙudurin a tattara sunayen alhazan 1973 da mutanen Gwammaja da waɗanda suka ɗauke su ba. Samarin da suka shiga wutar 2002 yanzu furfura ta fara fito musu, da yawansu suna nan, ana iya zuwa a tambaye su. Na 1973 kuwa, wanda yake ɗan shekara ashirin a ranar, yau ya haura saba'in.