Talotalo a Wutar Zamfara

Talotalon da ke buɗe bindi yana hura wuya a tsakar gidajen Sunke da Gummi ba tsuntsun ƙasar nan ba ne. Mutanen Meziko suka fara kiwonsa, tun ƙarnuka kafin Bature ya taka ƙasarsu. Sifaniyawa suka kai shi Turai a farkon ƙarni na 16, ya bazu har Ingila, jiragen fatake kuma suka sauke shi a gaɓar Afirka ta Yamma. Daga kudu ya hauro arewa, yana canza hannu kasuwa bayan kasuwa. Zabonmu kuwa kishiyar hanya ya bi, daga nan ya tafi Turai.

A Amurka tsuntsun ya zama naman biki. Tun da Shugaba Abraham Lincoln ya tsayar da ranar godiya ta ƙasa a 1863, al'adar ta ƙara kafuwa: a cusa wa talotalo burodi da kayan ƙamshi, a shafe shi da man shanu, a tura shi murhun gashi ɗungurungum. Mai kilo 7 yakan ci kusan awa huɗu. Nan ne wahalar take. Ƙirji fari ne, ba kitse, yana riga cinya nuna. Kafin cinyar ta yi laushi, ƙirjin ya bushe ƙayau. Shi ya sa mai girkin ke ta buɗe murhu tana kwarara masa romo. Manoman can kuma sun yi ta zaɓen iri mai faɗin ƙirji, har namijin ya kasa barbara da kansa, sai da taimakon ɗan Adam.

Mahautan yammacin Zamfara ba su shiga wannan damuwa ba, don gadonsu ya riga ya koya musu yadda ake bi da babban nama. Tsohuwar masarautar Zamfara, wadda Gobirawa suka ci birninta a zamanin Sarki Babari kafin gadon sarautarta ya zauna a Anka, ƙasar makiyaya ce, kuma Sarkin Fawa na da matsayinsa a cikin sarautun gari. Dabarar ita ce a buɗe nama, wuta ta gan shi ko'ina. Ragon layya akan feɗe shi, a banƙare shi a kan itace biyu, a kafa gefen wuta, ba bisa kanta ba, yadda har yau ake jera su a titunan Maraɗi ranar Babbar Sallah. Zafi na ratsa shi sannu a hankali, kitse na ɗiga, mai gashi na juya shi har la'asar.

Haka ake yi wa talotalo idan ya faɗa hannun mai tukuba. Ya tsaga shi ta baya, ya danne shi ya baje, cinyoyi ya sa su wajen garwashi mai ƙarfi, ƙirji can gefe. Ya shafa man gyaɗa, ya barbaɗa yaji. Wannan hanya ta fi ta murhu hankali, don kowace gaɓa na samun wutar da ta dace da ita. Gyaɗar ƙuli-ƙulin da barkonon yajin su ma daga nahiyar Amurka suka zo; a kan tukuba suka sake haɗuwa da ɗan ƙasarsu.

A cikin gida kuwa mata sun fi yanka shi gunduwa-gunduwa, a tafasa da citta da kanumfari da masoro, sannan a soya, ya kwana biyu bai lalace ba.

Kiwonsa dai sai mai haƙuri. 'Yan tsakin ba sa jure sanyin damina, shi ya sa wasu ke sa wa kaza ƙwan ta kwanta, ta rene su tare da nata. Wanda ya tsira sai ya zama jari, 'yan kasuwa su kwashe shi zuwa birane a watan Disamba. Naman talotalo daskararre da gwamnatin Obasanjo ta hana shigowa da shi a farkon shekarun 2000, wanda duk da haka ake fasa-ƙwaurinsa ta Kwatano, kasuwarsa na inda firiji ke samun lantarki. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum, mai son talotalo da ransa yake saye, a yanka masa da bisimilla.