Wanzamin Sabo da Amanar Kai

A shekarar 1916 aka ware wa Hausawan Ibadan unguwar Sabo. Fataucin goro da shanu ya kawo su, amma wanzami ma ya biyo sawu da zabirarsa, don Bahaushe bai saba miƙa wa baƙo kansa ba.

Can gida Arewa, wanzami gadonsa ake yi. Wanda ya yi wa uba aski, ɗansa ne zai aske 'ya'yan gidan. Shi ke askin suna ran bakwai, ya cire beli, ya yi kaciya, ya kafa ƙaho in jiki ya yi nauyi. Ba a ciniki da shi. Hatsi ne in an yi girbi, sai kasonsa a ragon suna. To, mutumin da ke ɗora maka aska a maƙogwaro, me kuma za ka ɓoye masa?

Mata ma haka. Mace takan kwantar da kai a cinyar makitsiya tun hantsi har la'asar, zancen miji da na kishiya duk ya fito. In ba ta yarda da ita ba, gashin da ya zube sai ta tattare abinta, gudun sammu.

Abin ya soma sauyawa bayan 1986, da aka bayyana ɓullar ƙanjamau a Nijeriya. Aska ɗaya ga kowa ta zama abin tsoro. Yau da yawa kan je shagon aski da injinsu daga gida, amma ranar suna har yanzu wanzami ake aika wa.