Bin Sawun Magabata da Ƙafa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Ina neman izini in ɗan kauce daga jerin sarakuna da shekarun mulkinsu, in yi magana a kan hanya, da yadda wasu mutanen nesa ke koya wa ƴaƴansu tarihinta.

A ƙasar Amurka akwai wata tsohuwar hanya da ake kira Hanyar Oregon. Ta taso daga garin Independence na jihar Misuri, ta keta sarari da duwatsu har kusa da tekun Pasifik, tsawon kusan kilomita 3,500. A shekarar 1843 babban ayari na farko, mutum wajen 1,000, ya bi ta da amalanken shanu masu rumfar zane, ana neman ƙasar noma. Daga nan zuwa 1869, lokacin da jirgin ƙasa ya haɗa gabas da yamma, mutane dubu ɗaruruwa ne suka bi ta ko rassanta. Tafiyar wata huɗu ce zuwa shida, kuma amalanken na kaya ne, yawancin jama'a a ƙasa suke takawa. Abin da ya fi kashe su amai da gudawa ne. Har yau a jihar Wayomin, kusa da garin Guernsey, ana ganin inda ƙafafun amalanke suka ci dutse, zurfin ya haura mita ɗaya.

Akwai kuma waɗanda ko shanun ba su iya saye ba. Tsakanin 1856 da 1860, mabiya ɗarikar Mormon kimanin 3,000 suka nufi birnin Salt Lake suna jan kura da hannu, an ƙayyade wa kowane babba kayan da bai kai kilo 8 ba. Ayari biyu na 1856 sun makara wajen tashi, ƙanƙara ta rutsa da su a Wayomin, fiye da mutum 200 suka rasu.

Jikokinsu ba su bar labarin a takarda kaɗai ba. A 1997, da hanyar Mormon ta cika shekara 150, an haɗa ayari na gaske daga wajen birnin Omaha, aka yi wata uku a hanya kafin a isa Salt Lake. Kowane hutu kuma ƴan makaranta kan sa tufafin da, a kasa su gida-gida, su ajiye wayar hannu, su ja kura kwana uku ko huɗu a kan wani yanki na hanyar, suna dafa abincinsu, suna kwana a fili. Yaron da ƙafarsa ta yi bororo a nan ba ya buƙatar a sake yi masa bayanin wahalar kakarsa. Sai dai abin yana da aibi idan aka manta cewa ƙasar da aka ratsa tana da masu ita, irin su Lakota da Shoshone, waɗanda wucewar ayarin ta cinye musu makiyaya da namun daji, daga baya aka killace su.

Abin da ya sa na kawo wannan labari cikin littafin bikinmu shi ne, mu ma ƴaƴan hanya ne, kuma tamu ta girmi tasu nesa ba kusa ba. Tun kafin a san Oregon, ayarin raƙuma ke ɗauko kantun gishiri daga Bilma da Fashi, ya keta Tenere zuwa Abzin, ya gangaro Damargu da ƙasar Hausa a musanya shi da gero da baƙin Kura. Baturen nan Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, da ayarin gishiri na Kel Ewe ya sauko. A watan Janairu 1851 ya bi ta Tasawa da Gazawa da Katsina, ya shiga Kano farkon Fabrairu. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, Damagaram ta zama babbar matattarar fatake tsakanin Kano da Tarabulus, unguwar Zango ma daga saukar ayari ta samo sunanta. Isar jirgin ƙasa Kano a 1911 ce ta karya cinikin hamada, kamar yadda jirgi ya kashe Hanyar Oregon.

Da yawa daga garuruwanmu da sarautunsu rijiya da zango ne suka raya su. Amma a gidan rediyo na sha tambayar ƴan kwaleji da lise ko mene ne aikin madugu, mene ne na jagaba, sai su yi shiru, alhali suna iya jero kogunan Faransa. Laifin ba nasu ba ne, ba mu taɓa kai su ba.

Roƙona ga fada da malaman makaranta shi ne a zaɓi zango ɗaya ko biyu na tsohuwar hanyar da ta ratsa ƙasarmu, a fitar da yara cikin sanyin hunturu da jakuna da raƙuma kaɗan, ruwa a salka, guzuri a mangala, a kwana inda fatake suka saba kwana. Mu muna da abin da Amurkawa suka rasa: dattawan da suka yi fataucin da ƙafarsu suna nan da ransu, ko da yake kowace shekara sai mun yi jana'izar wasu. Su za a sa gaba su nuna rijiyoyi da kufai, su faɗi yadda ake biyan fito da yadda ake tsaron dare. Kada kuma a ɓoye wa yaran cewa a wannan hanya, tare da fata da gashin jimina, an kora bayi zuwa arewa, kuma cikin masu tafiyar akwai jikokin mai saye da na wanda aka sayar.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana, ya jiƙan magabatanmu.