Tarihin Shigar Tukunyar Tururi Gidajen Zama a Amurka

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna yadda tukunyar tururi mai cin kwal ta baro masana'antu ta shiga gidajen zama, da abin da ya jinkirta shigar tata.

2.0 Matsalar Fashewa

Tun wajen 1784 James Watt ya gwada ɗumama ɗakin aikinsa da tururi a Ingila. Amma magidanta sun daɗe suna ɗari-ɗari, domin tukwanen lokacin kan fashe su hallaka mutane idan matsin tururi ya wuce kima. A 1854 ne Stephen Gold na jihar Connecticut ta Amurka ya sami rajistar tsarin ɗumama gida da tururi mai ƙarancin matsi, wanda ya rage wannan fargaba.

3.0 Yadda Ake Girka Ta

Akan girke tukunyar a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, kusa da ma'ajiyar kwal. Tururi kan hau bututu da kansa zuwa akwatunan ƙarfen da ke ɗakuna, ya sake zafinsa, ya koma ruwa. Saboda haka akan ɗan karkata bututun domin ruwan ya gangaro tukunya. Kullum sai an zuba kwal, an kwashe toka, an duba ruwa.

4.0 Kammalawa

Sauƙaƙa matsi ya buɗe mata ƙofa, wahalar hidima kuwa ta rufe. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, mai da gas suka maye gurbin kwal a yawancin gidajen.