Letters from Iwo Jima

Letters from Iwo Jima fim ne na Amurka wanda Clint Eastwood ya ba da umarni, ya fito a 2006. Yana ba da labarin yaƙin tsibirin Iwo Jima na Fabrairu zuwa Maris 1945 daga ɓangaren sojojin Japan, kusan duka da harshensu. Ken Watanabe ne ya fito a Janar Tadamichi Kuribayashi.

Ba fim ɗin kirarin mazaje ba ne. Samari ne cikin ramukan da suka haƙa, ƙishirwa da atuni na cin su, suna rubuta wa iyali wasiƙu. Cikinsu har da Saigo, mai gasa burodi da ya baro matarsa da juna biyu. Duk wanda kakansa ya gwabza da Japan a yaƙin Burma, ya kamata ya kalle shi.